Kwalbar Fam Ɗaya da Rabi: Abin da Harshe ke Tonowa a Giyar Hunturun Ingila

Jama'a, barkanmu da war haka. Ni Kirista ne, haifaffen ƙasar Zazzau, kuma wurin neman abincina shi ne ɗakin gwaje-gwaje na wata masana'antar giya a tsakiyar Ingila. Na sa wannan a gaba don kada wani ya yi nisa da karatu ya ce an shammace shi. Na san akasarin masu karanta Hausa addininsu ya haramta musu giya, kuma ba gayyatar kowa nake yi ba. Shaida ce kawai a kan aikin da na sani, aikin hatsi da ruwa da wuta da yis, da yadda ake gane inda mai sana'a ya yi ƙwauro ta hanyar hanci da harshe.

Duk shekara, da zarar watan Nuwamba ya kama, duhu ya fara rufawa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, kantunan Ingila sukan cika da kwalabe masu hoton dusar ƙanƙara da murhu. A lokacin ne mukan aika a sayo mana na abokan gasa, masu tsada da masu araha, mu jera su a tebur. Wadda zan yi magana a kanta irin ta kantunan rahusa ce, mai ɗauke da sunan da kantin ya ƙirƙira wa kansa. Rabin lita ce, barasarta kashi 5 cikin ɗari, kuɗinta fam ɗaya da rabi. Ba zan kama sunan kantin ba, don laifin da zan lissafa ba nasu ba ne su kaɗai.

Ita dai giyar hunturu babu wata doka da ta tsara yadda za a dafa ta. Tana cikin dangin da Turawan Ingila ke kira ale, wato wadda yis ɗinta ke aiki cikin ɗumi yana taruwa a saman tanki, saɓanin laga da aka fi sani a Najeriya, wadda ake tayarwa cikin sanyi. Tushenta yana komawa ga wata giya mai duhu da zaƙi da ake kira Burton Ale, da sunan garin Burton da ke bakin kogin Trent. Kamfanin Young's na Landan ya daɗe yana dafa irinta, sai a 1971 ya sauya mata suna zuwa Winter Warmer, ma'ana mai ɗumama jiki da hunturu, sunan kuma ya bi irin gaba ɗaya. Ƙarfinsu ya bambanta sosai. Ta Young's kashi 5 ce, Winter Welcome ta Samuel Smith a garin Tadcaster kashi 6, Old Tom ta Robinsons a Stockport, wadda ake dafawa tun 1899, ta kai kashi 8.5. Akwai masu dogara da tsiron sha'ir da sukari kawai, wannan ce tsohuwar hanya. Akwai kuma masu zuba kirfa da kanumfari da citta da gyaɗar ƙamshi don su tuna wa mai saye kek ɗin Kirsimeti.

Kafin a buɗe kwalba, a fara buɗe lissafi, don a nan rabin labarin yake. A watan Agusta na 2023 gwamnatin Birtaniya ta sabunta tsarin harajin giya, wanda take karɓa bisa yawan barasar da ke ciki. A lokacin an sa fam 21 da kwabo ɗaya (kwabo ɗari ne fam guda) a kan kowace lita ta zallar barasa, ga giyar da ƙarfinta ya kama daga kashi 3.5 zuwa ƙasa da 8.5, daga baya ma an ɗan ƙara. Rabin lita mai kashi 5 tana ɗauke da mililita 25 na barasa, harajinta a lissafin 2023 ya kama kwabo 52 da ɗoriya. Sai harajin saye da ake kira VAT, kashi 20 cikin ɗari, wanda a fam ɗaya da rabi ya cinye kwabo 25. Abin da ya rage bai kai kwabo 73 ba. A cikin wannan ne za a biya kwalba da murfi da takardar jiki da kwali da kuɗin mota da wuta da albashi da ribar kanti, sannan a sayi hatsin. Mai dafa giya ba shi da iko a kan haraji ko kuɗin gilashi. Abin da ke hannunsa uku ne: hatsi, furen ɗaci da ake kira hop, da kwanakin da giya za ta yi a tanki. Duk abin da zai rage, daga nan zai rage shi, kuma kowanne yana barin sawu.

Wanda ya taɓa ganin an yi tsiron gero na kunun zaƙi, ko tsiron dawa na burukutu, ya riga ya san farkon aikin. Ana jiƙa sha'ir kamar kwana 2, a baza shi ya yi tsiro kwana 4 zuwa 5, sannan a busar da shi da iska mai zafi don tsiron ya tsaya. Irin busarwar ce ke raba su gida-gida. Farin tsiro shi ne uwa, shi ke ɗauke da sinadaran da ke mayar da sitaci sukari. Akwai wanda ake turarawa da danshinsa a wajen digiri 65 zuwa 70 har cikin ƙwayar ya narke ya zama sukari, sannan a gasa shi. Idan ka fasa ƙwayarsa za ka ga cikinta yana ƙyalli kamar alewa, shi ya sa ake ce masa kiristal. Daga gare shi jan launi yake fitowa, da ɗanɗanon mazarƙwaila da zabibi da busasshen dabino. Na uku ana gasa shi fiye da digiri 200 har ya yi baƙi kamar gahawa, ɗan kaɗan ake sakawa.

Ga yadda za a haɗa lita 100 ta giyar hunturu ta ƙwarai mai kashi 5. Hatsi da sukari gaba ɗaya kilo 18 zuwa 20. Kashi 85 farin tsiro, idan da hali irin sha'ir ɗin nan Maris Otter da aka fitar a shekarun 1960, wanda ke da gardi kamar gasasshiyar gyaɗa amma ba ya yabanya kamar sababbin iri, don haka ya fi tsada. Kashi 8 kiristal, kashi 2 baƙi, kashi 5 kuma wani dafaffen sukarin rake mai duhu da masana'antun Ingila suka daɗe suna amfani da shi. A nan mutane ke kuskure, suna zaton duk giyar da aka sa wa sukari algus ce. Wannan sukarin mai duhu yana da nasa ɗanɗanon, kuma tsoffin giyar Burton da shi aka san su. Ana barza hatsin, a dama shi da ruwan zafi, lita biyu da rabi ga kowane kilo, a tsayar da damun a digiri 66 na awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi. Wannan lambar tana da muhimmanci ƙwarai. Idan aka sauko 63 ko 64, sukarin da zai fito yis zai iya cinye kusan dukansa, giya ta yi ƙarfi amma ta tsinke. Idan aka hau 68 ko 69, za a bar sukarin da yis ba ya iya taunawa, giya ta yi kauri a baki. Daga nan a tace, a ɗauraye dusar da ruwa mai digiri 76 zuwa 78, a tafasa ruwan zaƙin awa ɗaya ko fiye tare da furen hop, wanda shi ke ba da ɗaci. Idan tsoffin iri ne kamar Fuggle ko Goldings na yankin Kent, za a bukaci kamar giram 180. Idan Target ne, wanda ɗacinsa ya ninka nasu, giram 80 ya isa, sai dai ɗacinsa yana da kaifi. A sanyaya, a zuba yis, a bar shi a digiri 18 zuwa 20.

Wanda ke shan lemon malt na gwangwani ya san ɗanɗanon wannan ruwan kafin a sa masa yis, don kusan shi ne ake ƙara wa sukari da launi a rufe, ba tare da an bar shi ya tashi ba. A Najeriya ma, lokacin da aka hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antu suka koma kan dawa, manoman arewa suka sami kasuwa.

Yanzu ga dabarar da ta fi kowace yawa a kwalbar araha. Muna da ma'aunin nauyin ruwa, inda tsabar ruwa yake 1.000. Ruwan zaƙin giyar kirki yakan fara a 1.052, idan yis ya gama aiki ya tsaya a 1.014. Ka ɗebe wannan daga wancan, ka ninka da 131, ka sami kashi 5. To, idan ka fara a 1.046 ka tura yis ya ci har 1.008, tazarar ɗaya ce, barasar ma kashi 5 ce, abin da za a rubuta a jikin kwalba bai canza ba. Amma ka tsira da kusan kilo 2 na tsiro a kowace lita 100, kuma abin da ya fita shi ne jikin giyar. Ana kai wa ga haka ta hanyar sauke zafin damu, ko a maye wani ɓangare na tsiro da farin ruwan sukari na masara ko alkama, wanda ba shi da ɗanɗano ko kaɗan. Launin da ya ragu sai a cike shi da ƙonannen sukari na rini, mai lamba E150c, wanda 'yan cokula ke rina ganga. Ba lallai ka ga wannan a rubuce ba, domin doka ba ta tilasta wa abin sha da ya wuce kashi 1.2 ya jera kayan haɗinsa ba, sai dai ya ambaci abin da ke tayar wa wasu borin jini, kamar sha'ir da alkama. Wata dabarar kuma ita ce a dafa giya mai ƙarfi, kashi 7 ko 8, sannan a sirka ta da ruwan da aka cire wa iska kafin a ɗura. Tanki ɗaya ya yi aikin ɗaya da rabi ke nan. Illarta kumfa ba ta tsayawa, kuma yis da aka wahalar cikin sukari mai yawa yakan bar wani ƙamshi mai kama da ayaba ko man goge farce.

Ɗanɗanon kansa yana da ƙa'ida. Da hantsi muke zama, wajen ƙarfe 10 zuwa 11, lokacin da karin kumallo ya sauka yunwar rana ba ta taso ba. Ba a shan gahawa ko taba awa ɗaya kafin nan, ba a shafa turare, mai mura kuma ya zauna a waje. Da a gida ne, da goro da yaji za a fara hanawa. Kowa da gurbinsa, babu hira, don da mutum ɗaya ya ce ya ji man shanu, sai kowa ya fara jin man shanu. Kofunan ba su da suna, lamba uku-uku kawai. Wani lokaci baƙaƙen kofuna ake kawowa, ko a kunna jan ƙwan fitila, saboda ido yana yi wa harshe ƙarya. Na sha ganin ƙwararru sun rubuta ɗanɗanon gahawa da cakulan a kan farar giyar da aka ɗiga wa rini. Tsakanin kofi da kofi a kurɓi ruwa, a tauna busasshen biskit marar gishiri. Kuma mu ba ma tofarwa kamar masu gwada ruwan inabi, domin ɗacin hop sai an haɗiye yake bayyana sosai. Shi ya sa abin da ake zubawa bai wuce kurɓa biyu ko uku ba, kofunan kuma ba a yawaita su.

Zafin giyar shi ne abin da masu saye suka fi ɓatawa. Ɗakin ƙasa na mashayar Ingila yana tsakanin digiri 11 da 13, kuma a haka aka tsara a sha irin wannan giya. Firji yana wajen 4. A wannan sanyin ƙamshi ba ya tashi, zaƙi yana dushewa, gas ya yi ta cizon harshe. Mai kyau da marar kyau duk su zama ɗaya. Sai a fitar da kwalba ta yi kamar rabin awa a waje. Kofi ya zama an ɗauraye shi sosai, don ragowar sabulu ko maiƙo yana kashe kumfa nan take, sai a ɗora wa giya laifin mai wanke-wanke. A karkata kofin a zuba a hankali, idan ya kai rabi a miƙe shi, a bar kumfa kamar faɗin yatsa biyu.

Da aka zuba wannan ta fam ɗaya da rabi, na ɗaga ta wajen taga. Ja ce mai duhu, kamar zoɓon da ya ji ganye, garau babu gurɓata. Ido ya gamsu. Kumfar ce ta fara tona asiri. Manyan ƙwayoyi ne kamar na lemon kwalba, suna fashewa ana jin ƙararsu, kafin minti biyu sai ɗan zobe a gefen kofi, kuma da aka karkata kofin babu zanen kumfa da ya manne a jiki. Giyar da ta ji tsiro kumfarta ƙanana ce, a haɗe kamar kindirmo, tana barin layi-layi duk kurɓa. Na rufe bakin kofin da tafin hannu, na juya shi sau uku, na buɗe na shaƙa gajeru-gajeru, don dogon shaƙa yana gajiyar da hanci. Abin da ya fara zuwa alewar madara ce, sai kirfa, sai a can ƙasa wani abu kamar man shanun da aka narka. Zabibi da dabinon da ake nema babu su. A baki, zaƙi ya tare ni a gaba, na ɗan lokaci kaɗan. Tsakiya fayau, kamar shayin da aka yi wa ruwa biyu. Bayan haɗiyewa sai ɗaci mai ƙauri, irin na ƙanzon da ya kama gindin tukunya, da ɗan maƙaƙi a maƙogwaro. Launi ya yi alkawarin tuwo, baki ya sami kunu. Da muka kore gas ɗin muka auna nauyinta, ta tsaya a ƙasa da 1.010, daidai da abin da harshe ya faɗa.

Wannan man shanun ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne tambarin gaggawa. Sunan sinadarin dayasetil. Yis da kansa yake haifar da shi a kwanakin farko, kuma shi yake komawa ya lashe shi idan an ba shi lokaci. Abin da ake bukata kawai, bayan tashin ya lafa, a bar giyar a kan yis ɗinta kwana 2 ko 3 cikin ɗumi kafin a sanyaya. Amma a watan Oktoba da Nuwamba kowane tanki yana da mai jiransa, motar kanti kuma tana da ranar zuwa. Sai a sanyaya da wuri, yis ya kwanta, a tace shi. Mugun abin shi ne a ranar giyar ba ta warin komai, domin abin da ke cikinta tukuna uwar sinadarin ce, marar wari. Sai an ɗura a kwalba, an bi da ita ta injin ɗumamawa mai kashe ƙwayoyin da ke tsamar da giya, sannan ya juye ya fito, kuma babu sauran yis da zai share shi. Kashi ɗaya cikin miliyan goma ya isa hanci ya kama. Gwajinsa kuwa ko a kicin za a iya yi. A ɗebi kofi biyu daga tanki, a rufe, a sa ɗaya cikin ruwa mai digiri 60 na minti 15 zuwa 20, a sanyaya shi, a shinshina su biyun. Idan wanda aka ɗumama ya yi warin man shanu, giyar ba ta nuna ba, a ƙara mata kwana. A gaskiya ɗan kaɗan daga cikinsa ba aibi ba ne a giyar Ingila, wasu tsoffin masana'antu ma da shi aka san su. Idan ya yi yawa ne yake sa santsi a harshe, kofi na biyu ya gagara. Ɗan'uwansa a gaggawa shi ne warin ɗanyen tuffa, shi ma alamar an raba giya da yis tun ba ta gama ba.

Aibi na biyu da na fi gamuwa da shi a kwalaben hunturu tsufa ne. Duk iskar oksijin da ta shiga lokacin tacewa ko ɗurawa tana nan tana aiki a hankali, zafi kuma yana ƙara mata sauri. Yawancin giyar kwalba ana bi da ita ta wani dogon rami ana fesa mata ruwan zafi, ta yi minti 15 zuwa 20 a wajen digiri 60, don kashe ƙwayoyin da za su tsamar da ita. Idan akwai iska a wuyan kwalbar, wannan ɗumin tamkar an tsofar da ita da makonni ne a cikin awa ɗaya. Sakamakon shi ne ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Wanda yake son ya san shi, ya yagi kwalin sukari ya jiƙa ya tauna, ba zai sake mantawa ba. Abin mamaki, giya mai ƙarfi irin ta kashi 8 tsufa yakan yi mata kyau, ta koma ɗanɗanon busassun 'ya'yan itace, har wasu na ajiye ta shekara da shekaru. Mai kashi 5 da aka tsinka ba ta da abin da za ta tsufa da shi, sanewa kawai take yi. Ranar ƙarewar da ake bugawa a kwalba takan kai wata tara ko shekara, amma wannan ba ya nufin cikakken daɗinta zai kai har ranar. Wadda aka dafa a Satumba, ta kwana a sito, aka karya farashinta a ƙarshen Janairu, sau da yawa kwalin ya riga ya fito.

Kwalba fara ko koriya kuma wata masifar ce. Haske yana fasa sinadarin ɗacin hop, ya haɗu da sulfa, ya ba da wari irin na bodari. Ba ya bukatar kwanaki. Kofi a rana tsaka yana iya kamawa cikin 'yan mintuna, fitilar kanti ma tana yi a hankali. Kwalba mai ruwan ƙasa tana tare mafi yawan hasken, gwangwani yana tare duka. Ana sa farar kwalba ne don mai saye ya ga jan launin nan, wato a sayar wa ido a cuci hanci, sai fa idan an yi amfani da wani sarrafaffen ruwan hop da haske ba ya fasawa.

Baurin da ke kama harshe kamar an tauna ɗanyen goro yakan fito ne daga matse dusa. Mai son ya tatsi sukari na ƙarshe sai ya yi ta ɗauraye dusar, ko ya bar ruwan ya wuce digiri 80, sai ɓawon sha'ir ya saki abin da ke cikinsa. Zafin da ke ƙona maƙogwaro kuma, wanda wasu ke ɗauka shi ne ɗumin hunturun, yawanci alamar an bar tanki ya yi zafi ne don yis ya yi sauri. Kayan ƙamshi su ma suna da nasu. Kanumfari ya fi kowa rashin kunya, ɗan ƙari kaɗan sai giya ta koma maganin ciwon haƙori. Ni dai idan na ji kirfa ta yi tsalle ta riga komai zuwa hanci, nakan fara zargin akwai ramin da aka rufe da ita.

Kada a ce na yi wa araha rashin adalci. Kantunan nan ba su da tukunyar dafa giya. Kwangila suke bayarwa, kuma sau da yawa tsofaffin masana'antu masu suna ne ke dafa musu, da ruwa ɗaya da yis ɗaya da ma'aikata ɗaya. Tsabta ba ta da matsala, ba kasafai ake samun tsami ko gurɓata a cikinsu ba. Muna da wani gwaji na kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce ka fitar da bare. Ko da ka-cici-ka-cici mutum zai dace sau ɗaya cikin uku, don haka sai masu dacewa sun zarce haka sosai ake yarda akwai bambanci. Idan aka kawo mai araha da mai tsada daga firji kai tsaye, sau da yawa teburin yakan rabu, a rasa ta cewa. A bar su su kai digiri 12, sai bare ya fito fili. Na kuma taɓa cin karo da ta kantin rahusa da ta kayar da wadda ta ninka ta kuɗi, don kawai ita sabuwar ɗuri ce, waccan kuwa ta yi wata biyar a kan kanta. Wata shekarar kuma kwalba ɗaya, suna ɗaya, hoto ɗaya, amma an sauya mai kwangila ko an rage rabin kashi na barasa, wanda ke sauke haraji da kusan kwabo 5 a kowace kwalba. Saboda haka hukuncin bara ba ya aiki a bana.

Sunan nan na mai ɗumama jiki ma akwai gyara a cikinsa. Barasa tana buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata, jini mai ɗumi ya taso sama, mutum ya ji kamar an lulluɓe shi, alhali zafin cikin jikinsa fita yake yi. Wanda ya sha ya fita cikin sanyin Disamba ya fi wanda bai sha ba haɗarin sandarewa. A lissafin hukumomin lafiya na Birtaniya, mililita 10 na zallar barasa shi ne awo ɗaya, kuma tun 2016 shawararsu ga maza da mata ita ce kada a wuce awo 14 a mako. Wannan kwalbar awo biyu da rabi ce. Shida daga cikinta sun haura na mako guda. Mu da muke wannan aiki ana lissafa mana abin da muke kurɓa, kuma wanda zai tuƙa mota ba ya zama a teburin.

Na bar sauran kofin a gefe na ci gaba da wasu, na dawo masa bayan minti 20, lokacin ya kai wajen digiri 16. Wannan dawowar tana cikin aikin, don giya mai jiki tana ƙara buɗewa idan ta ɗumama, marar jiki kuma tana wargajewa. Gas ya fice, kirfar ta lafa, man shanun ya ƙara fitowa, zaƙin ya zama mai danƙo a leɓe. A can ƙarshe na ɗan ji gardin biskit, alamar akwai tsiron kirki a ciki, an dai yi masa rowa ne. A takardata na rubuta: launi ya fi jiki, akwai rini, dayasetil a fili, a duba kwanakin tanki, ɗaci gajere mai ƙauri, babu kwali, babu bodari, sabuwar ɗuri ce. Na ba ta biyar cikin tara. Matar da ke gurbin kusa da ni, wadda ta girme ni a aikin, ta ba ta shida, ta ƙara da cewa ragowar kwalaben a bar mata, za ta dafa naman sa da albasa da su, tunda zaƙin da ya yi wa kofi yawa daidai yake da tukunya, ɗacin kuma bai kai ya ɓata romo ba.